Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatar Masana'antu, Hukumar SON Da Hukumar NESREA Kan Taya Da Hayaƙinta

Masu girma,

Muna gaishe ku da fatan alheri. Mu injiniyoyi ne da masu aikin roba da masu kula da motocin sufuri. Abin da ke tafe da mu maganar taya ce, da hayaƙin kabon da ake fitarwa saboda ita.

Kun fi mu sanin tarihin. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta tsayar da injinanta na Ikeja a 2008, bayan tsadar wuta da tayoyin waje masu araha sun sha kansu. Tun daga lokacin tayar mota daga ƙetare take zuwa mana, ɗanyen robar da ake tatsa a Edo da Delta da Ondo da Kuros Riba kuwa a jirgin ruwa take fita. Ƙasa mai yawan tireloli da tankoki irin tamu ba za ta dawwama a haka ba. Ko ba daɗe ko ba jima wani zai zo da jarinsa ya nemi fili da lasisi, kuma muna so ranar ta same ku da ƙa'ida a rubuce. Tukunyar tururi da injin gasa taya in aka girka su sukan yi shekara 25 ko 30 suna aiki. Najeriya kuwa ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato wanda take fitarwa ba zai wuce wanda ake zuƙewa daga iska ba, ta kuma kafa Dokar Sauyin Yanayi a shekarar.

Roƙonmu shi ne a auna hayaƙin taya a inda yake da yawa. Mai masana'anta zai zagaya da ku ya nuna faranten sola a kan rufi da itatuwan da ya dasa a bakin ƙofa. Suna da amfaninsu, amma ƙaramin ɓangare ne na lissafin. Manyan kamfanonin da kansu sun ce kashi 75 zuwa 90 cikin 100 na illar taya ga muhalli yana aukuwa ne bayan ta bar masana'anta, tana ɗaure a jikin mota. Kayan haɗinta ke biye, sannan aikin cikin masana'antar ya zo na uku.

Ga dalilin. A kowane juyi, wurin da taya ta taɓa kwalta yakan lotsa sannan ya dawo. Roba ba ta mayar da duk ƙarfin da ya lotsa ta, ragowar zafi yake zama. Shi ya sa direban da ya taso daga Kano ya tsaya a Zariya, in ya ɗora hannu a taya zai ji ta da zafi, kuma man tankinsa ne ya biya kuɗin zafin nan. Ɗan garuwan da ya taɓa tura kura da tayar da ta sace ya san abin a ƙirjinsa. Wannan turjiyar ta taya tana cin wajen kashi ɗaya cikin biyar na man ƙaramar mota, a babbar mota kuwa takan kai kashi ɗaya cikin uku. Mu ɗauki misalin motar da ke shan lita 8 a kilomita 100, tayoyinta kuma suka yi kilomita 40,000 kafin su suɗe. Ta sha lita 3,200 ke nan, 640 daga ciki na tayoyi ne. Litar fetur guda tana fitar da kilo 2.3 na iskar kabon, don haka kowace taya cikin huɗun ta jawo kusan kilo 370. Ƙera ta tun daga gona da rijiyar mai har ƙofar masana'anta gomomin kilo kawai yake fitarwa. Wanda ya rage turjiyar tayarsa da kashi 10 cikin 100 ya rage wa mota kashi 1 zuwa 2 na mai, kuma wannan kaɗai ya kusa kai hayaƙin ƙera tayar gaba ɗaya.

A nan aikin na SON ne, hukumar kula da ingancin kayayyaki, kuma ba sai an jira masana'anta ba, tunda tayoyin da ke shigowa ma ya shafe su. Tarayyar Turai ta tilasta manna takardar daraja a jikin taya tun Nuwamban 2012, ta sabunta ta a Mayun 2021, da aji daga A zuwa E. Tayar ƙaramar mota mai ajin A turjiyarta ba ta wuce kilo 6.5 a kowane tan na lodi ba, mai ajin E kuwa daga 10.6 take farawa. Gwajin sananne ne, ƙa'idar ISO 28580: a danna taya a jikin gangar ƙarfe mai faɗin wajen mita 2, a juya ta a gudun kilomita 80 a awa cikin ɗaki mai zafin digiri 25, a bar ta ta ɗumama na rabin awa, sannan a auna. Muna roƙo a sa wannan adadi cikin sharuɗɗan takardar SONCAP, wato shaidar ingancin kayan da ake shigowa da su, kuma hukumar ta mallaki gangar gwajin tata don ta riƙa tsamo tayoyi daga kasuwa tana tabbatarwa. Duk kasuwar da ba ta tambaya, can ake juye tayar da wasu suka ƙi.

Sai dai kada a nemi adadin turjiya shi kaɗai. Abu uku ke jan juna a taya: sauƙin birgima, kama jiƙaƙƙiyar kwalta, da jure suɗewa. Mai son zuciya zai iya sirance zanen taya ya samu aji mai kyau, tayar ta suɗe a rabin lokaci, a ƙera biyu inda ɗaya ta isa. Wani zai sassauta riƙon ruwa, mota ta ƙi tsayawa da damina. A nemi ukun tare. A kuma duba siririyar robar da ke shimfiɗe a cikin taya mai riƙe iska, wadda ake yi da robar butil mai tsada. A nan masu arha suka fi yin ƙwange, taya ta riƙa sacewa a hankali, duk ajin da aka rubuta mata ya tashi a banza.

Abin da ya sassauta wannan jayayyar ta abu uku shi ne silika, sinadarin da ke cikin yashi. Michelin ce ta fito da tayar da ta maye yawancin baƙin kabon na zanenta, wato baƙin garin da ke ƙarfafa roba, da silika a 1992, yau kuma kusan duk taya mai aji na sama haka take. Aikinta yana da wuya. Silika ba ta kama roba sai da wani sinadari mai haɗa su da ake kira silen, shi kuma ba ya aiki sai zafin cikin injin kwaɓi ya kai digiri 140 zuwa 160 ya tsaya a nan na 'yan mintuna. In zafin bai kai ba, silikar takan dunƙule, taya ta fito ba ta da sauƙin birgimar da aka yi wahala dominsa. In ya zarce, farar wutar da ke jikin silen ta fara dafa robar tun a cikin injin, kwaɓin ya ƙone ya zama asara. Haɗin yana kuma fitar da tururin etanol da dole a zuƙe shi daga ɗakin. Silika ba ta wuce da lantarki, don haka akan bar siririn layin roba mai baƙin kabon a tsakiyar zanen domin cajin jikin mota ya sauka ƙasa. Duk wanda ya ce zai yi tayar zamani, a tambaye shi irin injin kwaɓinsa da yadda yake riƙe zafi.

A nan ne ƙasarmu take da abin da wasu ba su da shi. Silikar da aka saba, yashi ake narkawa da tokar soda a tanderu mai zafin wajen digiri 1,400. Shinkafa kuwa tana tsotsar silika daga ƙasa ta tara a ɓuntunta. Tan ɗaya na shanshera yana ba da wajen kilo 200 na ɓuntu, in an ƙone shi a samu tokar da ta kai kilo 40, kuma kashi 85 zuwa 95 cikin 100 na tokar silika ce. Ana narka ta da ruwan soda a zafin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan tanderun ba, a tace, a zuba asid sannu a hankali har silikar ta kwanta, a wanke gishirin, a busar. Goodyear ta fara sa irin wannan silikar a tayoyinta wajen 2015 daga wani kamfani a Sin, Pirelli da Continental ma suna amfani da ita, Solvay kuma ta shirya yin ta a masana'antarta ta Livorno a Italiya. Ƙididdigar FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta nuna Najeriya na noma fiye da tan miliyan 8 na shanshera a shekara. Duk wanda ya bi ta bayan injinan casa a Kano da Kebbi da Jigawa ya ga tulin ɓuntu, wani yana ci da wuta a hankali yana turnuƙe unguwa.

Amma tokar da aka kwaso daga juji ba za ta yi ba, kuma wannan ne wurin da irin wannan shiri ya fi lalacewa. Dole a ƙone ɓuntun a zafin da bai wuce digiri 700 ba. Da ya haura zuwa 800 da ɗoriya, silikar ta rikiɗe ta zama ƙwaya mai tauri wadda soda ba ta narkawa da sauƙi, ƙurarta kuma tana lalata huhun ma'aikaci. In iska ba ta wadata ba, tokar ta fito baƙa da gawayi a ciki. Sinadarin fotashiyam da ke cikin ɓuntu yana sa tokar ta narke ta kulle gawayin, shi ya sa wasu ke wanke ɓuntun da ruwan asid marar ƙarfi kafin ƙonawa. Mai taya kuma ba silika kawai yake nema ba, yana neman mai faɗin fuska wajen murabba'in mita 160 a kowane giram, iri ɗaya daga buhu zuwa buhu. Muna roƙon Ma'aikatar ta haɗa manyan injinan casa da masu sinadarai: injin ya ƙone ɓuntunsa a tukunyar da ake iya saita zafinta, ya samu tururin turara shinkafa da wutar aiki, ya sayar da farar toka. SON ta rubuta ƙa'idar tokar da ta silikar. Ko masana'antar taya ba ta zo da wuri ba, kayan yana da masaya a waje.

Baƙin kabon shi ne babban mai laifi a cikin kayan haɗi. Shi da silika sun kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin taya. Ana yin sa ne da fesa kakkauran mai cikin harshen wuta mai ƙarancin iska, kuma kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya ƙiyasta tan 2.62 na iskar kabon ga kowane tan ɗaya da aka samar. Matatar Warri tana da sashen yin sa. In za a farfaɗo da shi, a sa sharaɗin cewa iskar da ke fita daga tanderun, wadda ke ɗauke da haidurojin da sauran abin ƙonawa, za a ƙona ta a tukunya ta ba da tururi da lantarki maimakon a banka mata wuta a saman bututu.

Akwai kuma hanyar ƙwato shi daga tsohuwar taya. Ana yayyanka ta, a dafa a rufaffiyar tukunyar da iska ba ta shiga, a zafin digiri 400 zuwa 700. Wajen kashi 40 cikin 100 yakan fito a mai, kashi ɗaya cikin uku baƙin gari, saura waya da gas ɗin da ake mayarwa ya hura wutar. Michelin da Bridgestone sun faɗa tare a 2021 cewa baƙin kabon da aka ƙwato yana iya rage hayaƙi har kashi 85 cikin 100 in an gwada da sabo, amma bai kai kashi 1 cikin 100 na wanda ake sa wa sababbin tayoyi ba. Dalilin ƙarancin a fili yake. Garin yana fitowa da toka mai yawa, sau da yawa kashi 15 zuwa 20, ta zinki da silikar da ke cikin tsohuwar tayar, ga ƙwayoyinsa sun manne da juna. Sai an niƙa shi lukui, an cire ƙarfe da maganaɗisu, an dunƙula shi ƙanana, sannan ya maye wani kaso na sabo a gefen taya da cikinta. Zanen da ke gogar kwalta har yanzu sabo yake so. Ware tayoyin manyan motoci daban da na ƙanana yana taimakawa, don na manyan ba su cika silika ba.

NESREA, hukumar tabbatar da dokokin muhalli, a nan muke jin tsoro. Akwai tukwanen wannan aikin masu arha, waɗanda ake cikawa a dafa, a buɗe da hannu a kwashe. Indiya ta sha wahalarsu har kotun muhallinta ta shiga maganar. Ma'aikata suna shiga cikin tukunya da shebur suna shaƙar baƙar ƙura, in an buɗe ƙofa kafin ta huce iska ta shiga wuta ta tashi, man da ke fita mai farar wuta a sayar wa duk wanda ya taya. Irin wannan wuri zai zo muku da sunan kare muhalli. Kada a ba da lasisi sai ga injin da ke aiki a rufe daga shiga har fita, mai wanke hayaƙinsa, mai kuma takardar wanda zai sayi garin da man.

Ɗanyen roba kuwa itace ne, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na wanda duniya ke tatsa taya yake tafiya. Tayar babbar mota kashi ɗaya cikin uku nata shi ne, domin ya fi robar man fetur jure zafi da tsagewa. Alherinsa yana ƙarewa ne ranar da aka sare daji don a dasa shi. Kurmin da aka share ya saki kabon da gonar roba ba za ta mayar ba, ragowar kurminmu kuma a jihohin robar yake. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 ta hana shigar robar da aka noma a filin da aka sare bayan 31 ga Disamban 2020, tana kuma neman a nuna wurin kowace gona a taswira. An ɗage ranar fara aikinta, amma masu saye sun riga sun fara tambaya. Hanyar da ta dace ita ce sabunta tsofaffin gonakin da suka haura shekara 30 da ingantaccen dashe daga Cibiyar Binciken Roba da ke Iyanomo kusa da Benin. Itacen yana shekara 6 zuwa 7 kafin a fara tsaga shi, don haka ƙaramin manomi ba zai sare tsohon da ke ba shi na cefane ba sai an ba shi bashi mai dogon zango, an kuma koya masa shuka rogo ko ayaba a tsakanin layuka. A kuma hana daskarar da ƙaro da ruwan batir da cusa masa yashi don ya yi nauyi. Masana'anta takan ƙone ruwa da wuta wajen wanke wannan dattin, robar kuma ta faɗi daraja.

Sauran kayan ba za mu daɗe a kansu ba. Wayar taya in daga tanderun gawayi ta fito, tan ɗaya na ƙarfen yana fitar da wajen tan 2.3 na hayaƙi, in daga tsohon ƙarfe aka narka da lantarki wajen 0.7, sai dai jan ƙarfen da ke gauraye da bola yana sa waya ta tsinke wajen ja, dole a tace. Zaren cikin taya ana iya yin sa da tsofaffin gorunan ruwa na roba, Continental ta fara sayar da irin wannan a 2022. Robar da ake gwadawa daga wasu tsirrai a Jamus da Arizona bincike ne mai kyau, amma ƙasar da itacen roba ke tsirowa ba ta da buƙatar ta jira shi. Abin lura ɗaya: kamfani yakan zuba ɗan kayan da aka sabunta cikin babban kwaɓi, ya rubuta ladan duka a kan wasu tayoyi ƙalilan. Tsarin halas ne a wurin masu tantancewa, amma a tilasta faɗin haka ƙarara a jikin takarda.

Yanzu mu shiga masana'antar. Mafi yawan zafin da take ci wurin gasa taya yake tafiya. Ana sa ɗanyar taya a mazubin ƙarfe, a hura jakar roba a cikinta da tururi ta danna ta jikin zanen, farar wuta ta ɗaure robar. Tayar ƙaramar mota minti 10 zuwa 15 take yi a wajen digiri 170, ta tirela takan kusa awa guda a zafin da bai kai haka ba. Tururi yana da ɓarna. Yana hucewa a dogayen bututu, ruwansa yana taruwa a ƙasan jakar har gefen taya na ƙasa ya fi na sama sanyi, dole a tsawaita gashi don wurin da ya fi sanyi ya nuna, sauran kuma ya wuce misali, roba ta fara saki. Gyaran farko ba shi da tsada. A naɗe bututu da mazubai da abin riƙe zafi. A riƙa duba tarkunan da ke fitar da ruwa daga layin tururi, domin inda aka shekara 3 zuwa 5 ba a duba ba akan tarar kashi 15 zuwa 30 sun lalace suna hurar da tururi. A mayar da ruwan zafin cikin tukunya, tunda ƙarin digiri 6 a ruwan shiga yana rage kashi 1 na makamashi. A toshe yoyon iskar kwamfuresa, wanda kan cinye kashi 20 zuwa 30 na abin da injin ya hura. A binne ma'aunin zafi cikin tayar gwaji a ga ainihin lokacin da ta nuna, a yanke mintunan da ake ƙarawa don tsoro.

Turai ta kama hanyar lantarki. Michelin tana gasa taya da injinan lantarki a masana'antarta ta Gravanches a Faransa, Continental ta girka tukunyar tururi mai lantarki a Lousado ta Fotugal, Nokian ta buɗe masana'anta a Oradea ta Romaniya a 2024 wadda ba ta ƙona mai ko gas wajen aikinta. Muna so a kai can, amma kada a kwafo ido rufe. Injin lantarki tsabtarsa ta wutar da ke shigarsa ce. In janareton dizal ke ba shi, kowace lita tana fitar da kusan kilo 2.7 na hayaƙi, kashi biyu cikin uku na ƙarfinta kuma ya tafi a salansa da lagireto, har gara a ƙona gas kai tsaye a tukunya. Ga kuma ɗaukewar wuta: in ta yanke taya tana tsakiyar gashi, matsi ya faɗi, kumfa ta shiga robar, duk abin da ke cikin mazubai ya zama shara, tare da hayaƙin da aka riga aka kashe a kansa. Shawararmu a ba irin wannan masana'anta layin wuta na musamman daga madatsar ruwa ta Shiroro ko Zungeru ko Kainji, ko ta kafa injin gas mai ba da lantarki da tururi a lokaci guda, sola ta ɗauki nauyin rana. Gawayin ƙasa da baƙin mai kuwa a haramta su tun a takardar lasisi.

Abin da ya fi komai saurin biya a ƙasar tireloli shi ne yi wa taya sabon zane. Tayar babbar mota in ta suɗe, gangar jikinta mai waya, wadda ita ce wajen kashi 70 cikin 100 na kayan, takan kasance lafiya lau. Masu wannan sana'a a Amurka suna lissafin lita 83 na mai ga sabuwar taya, lita 26 ga wadda aka sabunta. Jiragen sama ma da irinta suke sauka. Aikin yana da tsari: a duba gangar ciki da waje, a sa ta a na'urar da ke gano rabuwar waya da roba a ɓoye, a kankare tsohon zanen daidai da faɗin da aka ƙayyade, a share raunuka a cike su, a shimfiɗa siririyar ɗanyar roba, a naɗa sabon zanen da aka riga aka gasa, a rufe cikin jaka a zuƙe iska, a dafa awa 2 zuwa 4 a zafin digiri 100 zuwa 120. Ɓallen taya da ake gani a gefen hanyar Abuja zuwa Kaduna, akasari lodi fiye da ƙima da ƙarancin iska ne suka dafa gangar har waya ta rabu, ko sabuwa ce ko sabuntacciya. Gangar da aka yi wa haka ba ta karɓar sabon zane. Saboda haka awon lodi a manyan hanyoyi yana cikin maganar nan, haka ma koya wa masu faci su daina cusa tsumma da roba a hujin tayar waya, don ruwa na bi ta nan ya sa tsatsa. Jerin kayan da kwastan ta haramta ya riga ya hana tsofaffin tayoyi, ya bar ƙofa ga gangunan manyan motoci na sabuntawa. A tsare ƙofar nan kada ta zama hanyar tayoyin kwance, SON ta ɗauki ƙa'ida ta 109 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan sabunta tayar manyan motoci, gwamnati kuma ta fara da motocinta. A kuma hukunta masu sassaƙa sabon zane da wuƙa a jikin suɗaɗɗiyar tayar da ba a ƙera ta don haka ba. Wannan kisan kai ne.

Tayar da ta gama aiki gaba ɗaya, yau a mahauta take ƙarewa ana babbakar kai da ƙafa da ita, ko a bayan gari ana ƙona ta don a ciri waya, ko ta tara ruwan sauro. A sa wa duk mai ƙerawa da mai shigowa kuɗi a kan kowane kilo, a biya masu tarawa da shi. Afirka ta Kudu ta yi haka da rand 2.30 a kilo, amma rigimar kuɗin ta kai shirin kotu a 2017, don haka asusun ya zama a buɗe, a biya kan nauyin da aka sarrafa, ba kan wanda aka jibge a fili ba. Kafin injinan ƙwato baƙin kabon su samu, tanderun siminti na Obajana da Ashaka da Sakkwato suna kai digiri 1,450, taya tana da ƙarfin wuta kamar gawayin ƙasa mai kyau, wayarta kuma ta shige cikin simintin, muddin an sa na'urar auna hayaƙi a bututun. Mahauta kuma a kai musu gas kafin a hana su, in ba haka ba dokar a takarda za ta tsaya.

Ƙurar da taya ke zubarwa a hanya ma ta fara shiga doka. A 2020 masu bincike a Jami'ar Washington sun gano cewa sinadarin 6PPD, mai hana taya tsattsagewa, yana rikiɗewa ya zama guba ga wani nau'in kifi in ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi, dokar Euro 7 ta Tarayyar Turai ta 2024 kuma ta tanadi iyaka ga yawan suɗewar taya. Ba a samu madadin sinadarin da ya kai shi ba tukuna, rana irin tamu kuma tana cin tayar da ba ta da shi, don haka ba ma neman a hana. A bar gurbi a ƙa'idar don ranar da aka samu.

Duk wannan ba zai tabbata ba sai da adadi. Kowace masana'anta ta riƙa bayyana, shekara shekara, makamashi da ruwa da hayaƙin da ta kashe a kan tan ɗaya na taya, da kason da ta zubar a matsayin shara, da hayaƙin kayan da ta saya bisa ƙa'idar ISO 14067, mai bincike na waje ya sa hannu, a buga kowa ya gani. Sassaucin haraji kuma a ɗaura shi a kan waɗannan alƙaluma, ya ƙaru in sun sauka, a janye in sun hau. Muna roƙon hukumomin uku su fitar da daftarin ƙa'idar don jin ra'ayin jama'a, a gayyato ƙungiyoyin direbobi da masu manyan motoci da masu injinan casa da manoman roba da masu faci, a kuma fassara shi zuwa harsunan da suke karantawa. A shirye muke mu zauna da ma'aikatanku a kan kowane sashe.

Allah Ya yi muku jagora.

Naku,
Wasu injiniyoyi, masu aikin roba da masu kula da motocin sufuri